Sun ce wa Yaya ya je ya yi shara

Yau kwana 9 kenan da Yaya ya turo min hotunan takardar hukuncin alƙalin Amurka da ya hana shi kuɗin naƙasa a WhatsApp, shafi 14 cur, kuma tun ranar maganar ta ƙi barina, ina wanke-wanke tana nan, ina cikin trotro (motar hayarmu) daga Nima zuwa wajen aiki tana nan, har a sallah sai da na yi ta rafkanwa, shi ne na ce bari dai in zauna in rubuta ko zuciyata za ta yi sanyi. Waɗanda suka san ni sun san ni ba wata 'yar boko ba ce can can, klina ce ni, shekara 11 ina wannan aikin a nan Ankara (tamu ta Gana, kar wani ya kai ni Turkiyya), 4 a otal sauran a ofisoshi, yanzu kuma ni ke riƙe da yara 7 da muke goge wani bene a wajen Eyapot. To kun ga in ana maganar tsintsiya da bokiti ina da bakin magana.

Yaya ya tafi Amurka a 2005 da bizar lotiri, ya sauka a Bronks inda 'yan Gana suka yi yawa, ya kama tuƙin tasi a Nuyok, shekara 16 yana yi kuma harajinsu bai taɓa wasa da shi ba. Shi ya kai Mma Makka, shi ya biya min kuɗin ɗaki na shekara 2 lokacin da aurena ya mutu, duk ƙarshen wata kuma wayar Mma sai ta yi ƙara momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, ya shigo. A 2021 wani dare ya ɗauki fasinja, suna tsaye a danja sai ya ji ƙarfe mai sanyi a ƙeyarsa. An karɓe kuɗi da waya, ba a harbe shi ba, ko ƙwarzane bai samu ba, kowa ya ce alhamdulillahi abin ya zo da sauƙi. Ashe da saura. Mutumin da in ya zo hutu gidanmu cika yake kamar ana suna, mai surutun da sai an ce masa Yaya dan Allah ka bar mu mu yi barci, shi ne yanzu in aka ƙwanƙwasa masa ƙofa sai gumi ya karyo masa hannu na rawa. Ba ya iya zama a wuri da mutum a bayansa. Juma'a ya koma sahun ƙarshe kusa da ƙofa, daga baya ma ya daina zuwa. In wani ya ɗaga masa murya ko ya daskare kamar gunki ko kuma ya fashe da faɗan da shi kansa in ya dawo hayyacinsa kunya yake ji. Likitocin can suka ce PTSD ne, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mugun abu, haɗe da ciwon damuwa. Mu a nan kun san mu, an yi rubutu an yi ruƙiyya an yi sadaka, kuma ban raina ko ɗaya ba, amma maganin asibiti ma yana sha.

To shi ne ya nemi kuɗin naƙasa daga hukumarsu ta Soshiyal Sikiyuriti, wanda ba kyauta ba ne fa, cikin harajin da ya yi ta biya ne. Suka hana. Ya sake nema a duba, suka hana. Ya ɗauki lauya aka kai gaban alƙalinsu, zaman ma ta waya aka yi, kuma takardar da ya turo min ita ce hukuncin alƙalin. Ɗana da ke karatu a jami'ar Legon shi ya zauna da ni daren Asabar yana karanta min layi layi yana fassarawa, inda bai gane ba ya duba a waya, har wajen ƙarfe ɗaya muna kai.

Abin da na fahimta shi ne su ba wai ka kawo takardar likita kawai su miƙo maka kuɗi ba ne. Ciwon sai ya zama wanda ya kai ko zai kai wata 12, ko wanda zai yi ajali, sannan su bi da kai ta mataki 5. Su duba ko kana wani aiki mai kawo kuɗin kirki yanzu, su duba ko ciwon mai tsanani ne, su duba ko ya kai mizanin wani jerin cututtuka da suke da shi wanda in ka faɗa ciki shi kenan ka ci, in bai kai ba su auna ragowar ƙarfinka su ga ko za ka iya komawa aikinka na da. Duk waɗannan Yaya ya wuce su, alƙalin da kansa ya yarda ba zai iya komawa tasi ba, ina mutumin da ba ya son kowa a bayansa ina tasi. A mataki na 5 ne aka kayar da shi. Nan tambayar ita ce, akwai wani aiki na daban da yake da yawa a faɗin ƙasar wanda zai iya? Kuma ku ji wannan da kyau, ba ruwansu ko aikin yana unguwarka, ba ruwansu ko akwai gurbi, ba ruwansu ko in ka je za a ɗauke ka, haka yake a rubuce a dokarsu. Ga shi shekarar Yaya 47, su kuma duk wanda bai kai 50 ba yaro ne a lissafinsu, sai daga 50 da kuma 55 ake fara sassautawa.

Alƙalin ya rubuta cewa Yaya zai iya aiki mai sauƙi wanda ba sai an yi dogon tunani ba, banda hulɗa da jama'ar waje kwata-kwata, abokan aiki da shugabanni kuma jefi-jefi. Sai aka tambayi wani masanin sana'o'i da suke kira a irin wannan zaman, mutum mai wannan siffar wane aiki zai iya? Ya jero guda 3, biyu daga ciki shara ne, klinan ɗakunan otal da klinan masana'anta, na ukun wankin kaya a injin. Ya faɗi adadin guraben da ke ƙasar, lambobi masu sifili rututu. Shi kenan, ba naƙasasshe ba ne.

Wlh da ɗana ya kai nan sai da na ce masa tsaya, maimaita. Klinan otal? Aikin da na yi shekara 4 ina yi? Shi ne aikin da babu mutane a ciki?

Ashe akwai littafin da suke dogaro da shi, DOT suke ce masa, kundin sana'o'i ne na ma'aikatar ƙwadagon Amurka, an fara buga shi 1939, gyaran ƙarshe kuma 1991, sana'a sama da 12,000 a ciki kowace da lambarta. Ita kanta ma'aikatar da ta rubuta shi ta ajiye shi tun ƙarshen shekarun 1990 ta koma wani tsarin, amma masu yanke hukuncin naƙasa suka ci gaba da riƙe shi. A ƙarshen 2022 jaridar Washington Post ta yi babban rahoto a kan yadda ake hana mutane kuɗi da sunan wai za su iya ayyukan da kusan sun ɓace daga duniya, irin su mai tsince gyaɗa da dangoginta a kan bel, kuma a watan Yunin 2024 hukumar ta ware sana'a 114 ta ce a daina kafa hujja da su. To amma shara ba ta cikin masu ɓacewa, shara tana nan har gobe, shi ya sa ma take da daɗin ambato a bakinsu.

Lambar klinan otal a littafin ita ce 323.687-014. Ɗana ya nuna min cewa ukun tsakiyan nan, 6 da 8 da 7, ba haka kawai aka sa su ba, ta farko tana auna hulɗarka da bayanai, ta biyu hulɗarka da mutane, ta uku hulɗarka da kaya. Ma'aunin mutane daga 0 yake zuwa 8, 0 shi ne can sama masu yi wa mutane jagora da ba da shawara, 8 shi ne ƙasan ƙasa, karɓar umarni da taimakawa. To mu 8 ne. Klinan masana'anta 381.687-018, shi ma 8. Klinan asibiti ma 8. Duka an sa su a ayyukan da ba sa buƙatar gwaninta, waɗanda ake koya cikin wata ɗaya ko ƙasa da haka. Na otal wai mara nauyi ne, ɗaukar abin da bai wuce fam 20 ba, kamar kilo 9 kenan (duk wadda ta taɓa ɗaga katifar otal ita kaɗai don ta cusa zanin gado ta yi dariya tare da ni), na masana'anta kuma fam 50. Sannan akwai wata ƙa'idarsu ta 1985 da ta ce ayyukan da ba na gwaninta ba yawanci da kaya ake mu'amala, ba da bayanai ko mutane ba. Daga nan maganar ta samo asali. Wanda ya rubuta ya hango mace da mofa a dogon baranda ita kaɗai, ya ce wannan ai ita da bokitinta ne.

Bari in ba ku safiya ɗaya a otal, ba ma ranar da wani abu ya faru ba, ranar lafiya lau.

Ƙarfe 6 da rabi kina bakin get, wachiman zai buɗe jakarki ya leƙa, da fita ma haka, kuma in kika ɓata fuska ya rubuta a ransa. Ki shiga ɗakin canza kaya mata 12 a wurin da bai fi shagon kiyos ba, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ki tsaya layi Madam sufabaiza ta raba ɗakuna, a nan ne za ta karanto laifin jiya a gaban kowa, ɗaki kaza an ga gashi a baho, wa ya yi? Daga nan ɗakin zannuwa, wanda in ba ki da baki ba za ki samu tawul ba, don kullum ba sa isa, wadda ta fi iya faɗa ita ke cika turolinta, ke mai kunya ki tsaya jiran wanki ya fito ƙarfe 11 alhali ɗaki 14 na jiranki. Duk wannan ko ƙofa ɗaya ba ki taɓa ba tukuna.

Sai ƙofa. Wannan ita ce abin da nake so masanin nan ya zo ya tsaya ya yi sau ɗaya. Kina ƙwanƙwasawa sau 3 kina cewa hauskipin, ki saurara, ki sake, sannan ki sa kati ki tura a hankali, kuma duk da haka ba ki san me ke bayan ƙofar ba. Takardar risefshan ta ce ya fita, ashe yana ciki yana barci, ya tashi a firgice ya zazzaga miki ihu. Wani yana wanka bai ji ba. Wani ya ji sarai, so yake ki shigo, matan da suka yi aikin sun gane me nake nufi ba sai na faɗa ba. Wani zai ce shigo ki yi aikinki ya zauna a kujera yana danna waya, ke kuma kin duƙa kina gyara gado kin ba shi baya minti 20. Ku tuna Yaya, wanda ƙarar ƙwanƙwasa ƙofa ke sa shi gumi, wanda ba ya iya juya wa mutum baya. Sau 14 a rana, ban da na baranda masu tare ki, ƙara min sabulu, rimot ba ya yi, ina ake cin abinci, ina zan samu tasi. Abin dariyar ma shi ne, a cikin bayanin aikin da littafin nasu ya rubuta da kansa akwai layin da ya ce klinan yana yi wa baƙi hidimar da suka buƙata. Alƙali ya ce banda jama'ar waje, littafi ya ce yana yi wa baƙi hidima, amma aka wuce kamar ba a gani ba.

Kuma duk wannan ƙarami ne a kan zargi. Klina ita ce ta farko da ake kallo in abu ya ɓata, ko'ina ne a duniya ina jin haka ne. Shekarata ta biyu wani baƙo ya ce agogonsa ya ɓata a ɗakin da na gyara. Aka kira ni ofis, manaja da Madam da shugaban sikiyuriti da shi baƙon, mutum 4 a kaina ni ɗaya a tsaye, aka zazzage jakata a tebur, har ƙullin goron da na saya wa Mma da ɗan canjin motata sidi 6 sai da aka baza, wata mace ta kai ni bayi ta laluba ni. Ina ta mepacho mepacho (haka ake roƙo da Tuwi), dan Allah ku duba da kyau, muryata na rawa amma dole in riƙe ta, don in na yi kuka za a ce rashin gaskiya ne, in na yi faɗa za a ce rashin kunya ne, a tsakiya ake so ki tsaya daidai kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Da yamma ya ga agogonsa a aljihun jakar kwamfutarsa. Ko sannu babu wanda ya ce min, washegari na zo aiki na ƙwanƙwasa ƙofarsa na ce hauskipin da murmushi. In aka auna da agogo duk abin bai fi minti 40 ba. Amma yau shekara 9 in na tuna sai cikina ya juya, ni da nake da lafiyata.

Nan ne nake ganin lissafin nasu ya karkace. Jefi-jefi a wajensu yana da ma'ana tsayayya, wato har zuwa kashi ɗaya cikin uku na ranar aiki, a awa 8 kusan awa 2 da minti 40 kenan. To da lokaci suke aunawa, kamar mai sayar da gari da mudu. In aka tara duk maganar da klina ke yi da mutane a rana ƙila gaskiya ba za ta kai awa 2 ba, na yarda. Amma ba a jere take zuwa ba, ba ki san yaushe za ta zo ba, ba ke ke zaɓar mai zuwa ba, kuma kullum ke ce a ƙasa. Minti 2 na Madam ta sa yatsa a saman ƙofa ta shafo ƙura ta nuna miki a gaban baƙo bai yi daidai da minti 2 na hira da abokiyar aiki ba. Shi karɓar umarnin da suka sa a lamba 8 kamar ba komai ba, shi ne fa mafi wuya ga mai irin ciwon Yaya, a gyara maka kuskure da tsawa ka haɗiye ka ce to. Kuma ita wannan ƙa'idar ta 1985 da kanta ta ce ko aikin da ba na gwaninta ba yana buƙatar mutum ya iya ɗaukar shugaba da abokan aiki da sauyin yanayin aiki yadda ya kamata, in ya rasa wannan sosai to ayyukan da zai iya sun ragu ƙwarai. Suna da maganar a rubuce, wajen aiki da ita ne ake tsallakewa.

Kar in yi son kai dai. Amurka ba Gana ba ce, a nan in kika wuce mutum ba ki gaishe shi ba kin yi laifi, safiya ɗaya sai ki yi gaisuwa da Hausa da Turanci da Tuwi da ɗan Ga ɗin da kika iya, can kuma an ce kowa harkar gabansa yake. Sannan akwai shara mai shiru da gaske. Benen da muke yi yanzu in kika samu shif ɗin dare, daga ƙarfe 7 ma'aikata sun watse, ke ce da fitila da ƙamshin Parazone da ƙarar eyakon, hawa guda naki ke kaɗai, wani lokacin har daɗi nake ji ina goge gilashi ina kallon fitilun jirage suna sauka. Ba zan ce masanin nan ƙarya ya yi ɗari bisa ɗari ba. Akwai masu ciwon damuwa da irin wannan aikin ya zame musu magani ma, sun fita daga ɗaki sun samu abin yi.

Na ma taɓa gani da idona. Akwai wata yarinya 'yar Mamobi da aka kawo min shekara 3 da suka wuce, innarta ce ta roƙe ni, ta ce yarinyar ba ta son mutane tun wani abu da ya same ta, ban tambayi ko mene ne ba. Aiki kam ban taɓa ganin mai tsafta irinta ba, in ta wanke bayi sai ki ga fuskarki a tayil. Amma in aka yi mata magana daga baya sai ta zabura bokiti ya kife. Na sa ta dare, na ba ta hawa na 5, na ce wa sauran kar wanda ya hau mata, in akwai gyara ba na faɗa mata da baki, sai in rubuta a 'yar takarda in liƙa a turolinta, makulli ma ni ke karɓo mata wajen sikiyuriti. Wata 8 tana aiki lafiya ko fashi babu. Sai na tafi Kumasi biki sati 2, aka kawo wani ya riƙe min, shi kuma bai san dawan garin ba, mutum ne mai son ya nuna shi ne shugaba, dare na biyu ya hau ya same ta tana goge tebur ya tsaya a bayanta ya buga tsawa wai me ya sa ba ta zo taron safe ba. Aka ce ta ajiye tsumma ta sauka ta matakala hawa 5 ko jakarta ba ta ɗauka ba. Ba ta sake dawowa ba, ni na kai mata jakar gida.

To wannan yarinyar za ta iya shara ko ba za ta iya ba? Hannunta ya iya. Amma wata 8 ɗin nan ni ce na tsaya tsakaninta da mutane, kuma alfarma ce na yi don na san innarta, babu kamfanin da ya rubuta haka a takardar ɗaukar aiki. Su kuma a Amurka, kamar yadda lauyan Yaya ya gaya masa, a wannan matakin ba a lissafi da alfarmar da wani mai gida zai iya yi maka, aikin ake dubawa yadda aka saba yin sa. To in yadda aka saba yin sa ne, ai ba a fara ba sabon zuwa hawa shi kaɗai da dare. Shif mai shiru na tsofaffin hannu ne waɗanda aka yarda da su, don makullin ofis gaba ɗaya ake damƙa maka. Sabon zuwa sati 2 zuwa wata yana manne da wani, bi ni nan, ba haka ake riƙe mofa ba, wannan maganin ba a haɗa shi da wancan, sake yi, sake yi. Ni da kaina haka nake koya musu, ina tsaye a kansu daga farkon shif har ƙarshe. Wannan ba jefi-jefi ba ne, yini ne cur da mutum a bayanka. Kafin ka kai ɗakin da babu kowa sai ka ratsa ta zauren da ya cika.

A kan wannan ne ma lauyan ya ce zai tsaya. Ya ce a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da Nuyok ke ƙarƙashinta ta yanke cewa iya tsallake lokacin gwaji na farkon aiki abu ne da ya shafi hukuncin naƙasa, ba a share shi a ce ba komai ba, don aikin da ba za ka iya wuce gwajinsa ba ai ba aikin da za ka iya ba ne. Waccan shari'ar a kan fashin zuwa aiki aka yi ta, amma yana ganin hujjar za ta ja har nan. Zai kuma ɗaga maganar layin nan na yi wa baƙi hidima. Adadin guraben kuma ya ce da wuya a kama masanin a nan, don a 2019 kotun ƙolinsu ta ce ko masani ya ƙi nuna takardun da ya samo lambobinsa ba lallai ne a zubar da shaidarsa ba, sai an duba yadda kowace shari'a take. Kwana 60 ake ba mutum ya ɗaukaka, kuma shi lauyan ba a biyansa sai an ci, kashi 25 cikin 100 na kuɗin baya da aka tara, shi ma da iyakar da ba a wucewa.

Wata ƙawata da na ba ta labari cewa ta yi ke ma dai, su da suke da inda za su kai ƙara ma, mu fa? Kuma ta yi gaskiya. A nan SSNIT, hukumar fanshonmu ta Gana, na da fanshon naƙasa, amma sai ka biya aƙalla wata 12 cikin wata 36 na ƙarshe kuma kwamitin likitoci ya tabbatar ba za ka ƙara iya aiki ba, to klina nawa ne ake biya wa SSNIT, yawancinmu a hannu ake ba mu ko ta momo. Muna da dokar naƙasassu ta 2006, muna da ta lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, amma a zango in aka ce naƙasa kowa ƙafa da ido yake dubawa, wanda ciwonsa ke ciki sai a ce lalaci ne ko iska, in aka ambaci Pantang, asibitin masu taɓin hankali, kuma an gama da kai a unguwa. Soshiyal sikiyuritinmu ɗan'uwa ne da ke waje. Namu kuma ga shi a ɗaki ya kulle ƙofa.

Ranar Talata na yi wani abu na wauta. Na sa biro a aljihun yunifom, duk wanda ya yi min magana ko ya sa dole na yi masa a wajen aiki sai in ja layi a bayan hannuna, ban sa na trotro da na hanya ba, kuma ban sa yaran da nake kula da su ba don kar a ce ai ke shugaba ce. Shif ɗin safe ne na riƙe wa wata da ɗanta ba lafiya, hawa 2 da bayi 6. Sikiyuriti biyu, mai lif da ke gyara, bos ɗin da ke zuwa tun 6 ya taka inda na goge ya ce sori bai ko kalle ni ba, matar da ta tsaya a bakin bayi tana buga ƙafa wai in yi sauri, sakatariyar da ta ce wa ya matsar mata da fayil, wanda ya aike ni sayen koko da ƙosai alhali ba aikina ba ne amma wa zai ce a'a. Kafin azahar layi 31. Na ɗauki hoton hannun na tura wa Yaya na ce Yaya ka tura wa lauyanka, ka ce ga shaida daga Ankara. Ya yi min voyis yana dariya, rabon da in ji dariyarsa har na manta, ya ce Auta ke dai ba ki da dama, alƙalin Amurka ina ruwansa da hannunki. Ya ce amma zai tura.

Takardar ɗaukaka ƙarar ta tafi ranar Alhamis, an ce jiran zai iya kai watanni da yawa. Mma har yanzu ta ɗauka yana tuƙi, mun bar ta a haka saboda hawan jininta. Ƙarshen watan nan ma wayarta za ta yi ƙara, ni da ɗan'uwanmu na Ashaiman muke haɗawa, in je wajen mai momo na bakin Kasuwan Nima in tura, da yake ba ta karatu sai ta kira ni in duba mata ko Yayanku ne, in ce shi ne, ta ɗaga hannu ta yi ta sa masa albarka.